HANYAR BURJI DA DOKIN ƘARFE: KWANA BIYU A ƘASAR GAYA DA AJINGI

Daga wani Ma'aikacin Ilmi

Bara, wajen ƙarshen kaka, wata takarda ta iso teburina a ofis, ana ƙarar wani malami na wata makarantar ƙauye a gabashin Kano, wai kullum sai rana ta ɗaga yake isa aji. Na buɗe taswira na duba, na ga tsakanin garin da yake kwana da makarantar bai wuce mil huɗu ba, ga shi kuwa an ce yana da keke. Na ce a raina, lalle wannan lalaci ne. Har na sa an buga masa takardar jan kunne, saura in sa hannu, sai Allah ya tuna mini da wata magana ta mahaifina, wanda ya yi shekaru yana zagayen duba makarantu a kan keke. Ya kan ce, kada ka hukunta malami sai ka bi hanyar da yake bi. Na mai da takardar cikin aljihun tebur, na shiga zauren gidanmu na ciro tsohon kekensa Raleigh, na kai wa mai gyara ya sake masa taya da birki. Ran Alhamis ta biyu ga wannan, ni da wani abokina malami muka ɗora kekunanmu bisa mota muka nufi Gaya.

Labarin wannan 'yar tafiya nake so in ba ku, ya ku malamai da ma'aikatan ofis, don abin da na koya cikin kwana biyun nan ya fi abin da na koya cikin shekara guda ina karanta rahotanni.

Abin da ake yi a wasu ƙasashe

Kafin mu hau hanya, ya kamata ku san cewa abin nan da muke gani aikin wanda ba shi da kuɗin mota ne, watau tuƙa keke a hanyar da ba kwalta, a wasu ƙasashe ya zama wasan da masu hali ke kashe wa dukiya. A ƙasar Italiya, a lardin Tuskani, akwai hanyoyin tsakuwa farare da suka ratsa tuddai da tsofaffin ƙauyuka. A shekarar 1997 wasu mutane casa'in da biyu suka taru suka zaga su a kan tsofaffin kekuna, ɗaya daga cikin nufinsu kuwa shi ne a ga darajar hanyoyin nan kada a shafe su duka da kwalta. Taron nan, da suke kira L'Eroica, yanzu dubban mutane ke zuwa kowace shekara. A Amurka kuma, a garin Emporiya na jihar Kansas, a 2006 mutum talatin da huɗu suka yi tseren mil 200 a hanyoyin gonaki. Shi ne tseren da tun 2020 ake kira Unbound Gravel. A 2021 aka fara irinsa a ƙasar Masai ta Kenya, a 2022 kuma aka yi gasar duniya ta farko a Italiya.

Kekunan da suke ƙerawa don wannan wasa, babban abin da ya raba su da na tseren kwalta shi ne faɗin taya. Na kwalta siririya ce, kamar inci guda. Ta tsakuwa kuwa daga inci ɗaya da rabi zuwa biyu. To, ku duba gefen tayar tsohon keken da ke zauren gidanku, za ku ga an rubuta 28 da ɗaya da rabi. Watau abin da Turawa suka komo gare shi bayan dogon bincike, shi kakanninmu ke hawa tun zamanin En'e, sa'ad da malamin haraji da malamin asibiti da mai duba makarantu kowa ke da kekensa da lambar lasin a maƙale. Har kamfanin Raleigh na garin Nottingham ya kafa masana'anta a Kano cikin shekarun 1970, saboda yawan cinikin da yake samu a ƙasar nan. Mu ne muka yar da dokin ƙarfe da babur ya zo. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga watan Mayu 2023, farashi ya ninka wajen sau uku cikin 'yan kwanaki, da yawa daga cikinmu suka fara waiwayen zaure.

Garin da Kano ta fito

Daga Kano zuwa Gaya kimanin mil arba'in ne, ta hanyar Maiduguri. A kan ƙetare gadar Wudil, inda babbar kasuwar shanu ke ci kowace Jumma'a, sa'an nan a miƙe gabas. Muka isa da la'asar, muka sauka gidan wani malami, muka yi sauran yinin muna zaga gari a kan keke sannu sannu.

Mai wucewa cikin mota zai ɗauki Gaya kamar kowane gari na bakin hanya, mai tasha da masu sayar da rake. Amma a labarin da Kanawa suka gada daga kakanninsu, daga nan ne wani maƙeri mai suna Kano ya tashi da mutanensa suna neman tama, har suka sauka gindin Dutsen Dala, garin ya ci sunansa. Zuriyarsa su ne Abagayawa, waɗanda aka san su da ƙira a cikin birni. Masu tonon ƙasa don binciken tarihi kuwa sun sami alamun narkar da tama a Dala, waɗanda aka ƙiyasta sun kai ƙarni na bakwai na Miladiyya, watau shekaru ɗaruruwa kafin zuwan Bagauda, wanda ake lissafin sarautarsa daga 999.

Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya fassara da Turanci a 1908, ya ambaci Gaya a wurare da dama. Ya nuna a zamanin Sarki Yakubu ɗan Abdullahi Burja, 1452 zuwa 1463, Agalfati ɗan Sarkin Macina ya zo ya zama Sarkin Gaya. A zamanin Sarki Dadi, 1670 zuwa 1703, Sarkin Gaya Farin Dutse ya yi tawaye, ya hana haraji shekara uku, har aka yaudare shi aka kashe. Duk da haka 'yarsa Mariyama ce ta haifi Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, a zamaninsa kuwa mutanen Gaya suka sami ƙarfin faɗa a ji a fadar Kano. A zamaninmu, an ɗaga Gaya ta zama masarauta a 2019, aka rushe a watan Mayu 2024, sa'an nan a watan Yuli na shekarar aka mai da ita masarauta mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta.

Da dare na tambayi wasu yara 'yan aji shida da suka zo gaishe mu, na ce su gaya mini babban birnin Faransa. Suka amsa baki ɗaya. Na ce, to, wa ya san inda sunan Kano ya samo asali? Suka dubi juna, ba wanda ya tanka. Ban ga laifinsu ba, don ni ma sai da na bar kwalejin horon malamai na san wannan labari. Laifin namu ne, mu da muke koya musu abin da ke nesa, na ƙofar gida kuwa ba mu taɓa takawa mun gani ba.

Jigawa da fadama

Da muka yi sallar asuba muka karya kumallo da koko da ƙosai, muka hau. Ba mu yi nisa ba muka bar kwalta muka kama hanyar burji ta yi arewa. Nan da nan ƙarar manyan motoci ta ɓace, ba ka jin kome sai kukan tsakuwa ƙarƙashin taya, da kurciya, da amon taɓarya daga cikin gidaje. Hazon hunturu ya rufe gabas, rana ta fito fara kamar faifai, sanyi yana cizon yatsu.

A nan ne ƙafa ke koya wa mutum abin da taswira ba ta faɗa. A cikin mota sai ka ce ƙasar nan shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma, amma da ka hau keke sai ka ji tana hawa tana sauka. Dalili kuwa, yammacin Kano ƙasa ce da ke zaune bisa dutse, amma daga wajejen Wudil da Gaya zuwa gabas dutsen yana nitsewa ƙasa, rairayi yana rufe shi. Tuddan nan masu tsawo da muke kira jigawa, rairayi ne da iska ta tara a wani zamani mai nisa da ƙasar ta yi fari ƙwarai, daga baya ruwa ya komo, ciyawa da itatuwa suka kama su suka tsaya. Daga gare su ne jihar da aka cire daga Kano a 1991 ta sami sunanta, Ajingi kuwa tana kan iyaka da ita. Tsakanin jigawa da jigawa akwai kwari, inda ruwa ke kwanciya da damina; ruwan ƙasar duka, har da na Duddurun Gaya, yana gangarawa ne zuwa babban kogin da ya ratsa Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja.

Saboda haka mai keke ya kan bi ta gonaki iri biyu cikin rabin sa'a. A bisa jigawa gero ne da wake da gyaɗa da riɗi. Lokacin da muka bi an riga an kwashe amfani, sai kara a tsaye, shanun Fulani suna kiwo a ciki suna bar wa mai gona taki. Da ka gangara fadama sai ƙasa ta yi baƙi, iska ta yi sanyi, ka tarad da masu lambu suna ban ruwan albasa da tumatir. Itatuwa ma suna gaya maka inda kake. Gawo yana tsakiyar gona da ganyensa kore shar cikin rani, don shi da damina yake zubar da ganye, shi ya sa manomi ba ya sare shi. Ɗorawa da tsamiya suna kusa da gari, giginya da goriba suna bin inda ruwa ke kusa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne kuka. In ka ga kukoki da yawa sun taru wuri guda a tsakiyar gonaki, ba gida ko ɗaya kusa, to, sauka ka duba ƙasa, galibi kufai ne. A irin wannan wuri muka tsaya da hantsi, muka ga sakaina birjik a cikin kunya, da wani rami da ya cike. Wani dattijo da ke ɗaure kara ya ƙaraso, muka gaisa. Na ce, "Baba, wannan wuri gari ne a da?" Ya ce, "Malam, ai inda ka jingine kekenka nan ƙofar gidan kakan mahaifina ce. Ramin can kuwa karofi ne, nan ake rini." Ya zauna ya lissafa mana inda masallaci yake da inda maƙera take, da yadda rijiyar ta ƙafe mutane suka tashi suka koma gaba. Na tambaye shi ko an taɓa rubuta wannan labari. Ya yi dariya ya ce, "Wa zai rubuta? Masu boko ba su biyowa ta nan, ta titi suke bi." Shekarunsa sun ba tamanin baya. Ran da ya kwanta dama, kufan nan ya zama gona kawai.

Ƙasar Gaya da ta Ajingi cike suke da garuruwa masu irin waɗannan dattawa: Kademi da Shagogo da Gamarya da Maimakawa da Balan, ga Toranke da Balare da Gafasa da Dundun da Kunkurawa da Gurduba da Unguwar Bai. Kowannensu da makaranta, kowace makaranta da malamai. Da kowane malami zai ɗauki littafin rubutu guda ya cika shi da labarin garin da yake aiki, da cikin shekara ɗaya mun sami abin koyar da tarihi da labarin ƙasa wanda ba a sayarwa a kanti.

Mil huɗun nan

Muka yi azahar a Ajingi, muka huta har rana ta yi sanyi, sa'an nan muka ƙarasa garin da malamin nan yake, muka kwana. Ban gaya masa abin da ya kawo ni ba, na ce dai ina so ya raka ni makarantarsa da safe. Ƙarfe bakwai saura kwata muka tashi.

Mil na farko burji ne mai kyau, sai 'yar gargada. Daga nan hanya ta shiga burtali, shinge dama da hagu, kofaton shanu da ƙafar amalanke sun niƙe ƙasar ta zama gari. Tayar gaba ta nitse, na taka feda da iyakar ƙarfina, keken ya karkace ya kayar da ni. Malamin ya ɗaga ni yana ba ni haƙuri, kamar shi ya zuba rairayin. Ya ce, "Ranka ya daɗe, daga nan sai turi." Muka tura fiye da mil guda, gumi yana zuba cikin sanyin hunturu. Da muka fita daga burtali muka hau, ba mu yi yadi ɗari biyu ba tsidau ya huda tayar abokina, muka zauna faci. Gaba kaɗan kuma ga wani kwari mai sauran ruwa, muka tuɓe takalma muka saɓa kekuna a kafaɗa. Sa'ad da muka shiga filin makaranta, agogona ya nuna ƙarfe takwas da kwata.

Na tambaye shi yadda yake yi da damina. Ya ce in kwarin nan ya cika sai ya zagaya ta wata hanya mai kusan mil tara. Na ce, me ya hana ka rubuto ofis? Ya ce, "Ranka ya daɗe, na ga kamar za a ce ƙorafi ne." Shekara uku ke nan yana wannan tafiya, littafin halarta kuwa ya nuna da ƙyar ya yi fashin kwana biyar. Na duba aikin yaransa, na tarar 'yan aji uku suna karatu da Hausa ba gargada, abin da ban samu ba a wasu makarantun bakin titi.

Kunya ta kama ni. Muka tafi tare wurin dagaci, na yi gaisuwa na faɗi abin da ke tafe da ni. Ya ce ai da an yi magana tun farko, ɗaki ba zai gagara ba. Nan take ya sa aka share wani shago kusa da masallaci, malamin ya riƙa kwana daga Lahadi zuwa Alhamis. Da na komo ofis na ciro takardar nan na yage ta. Da na sa mata hannu, da na ɓata wa mutumin kirki suna, watakila ma ya nemi canji, makarantar ta rasa shi, duk a kan inci guda na taswira. Gaskiyar masu iya magana, gani ya kori ji.

Guzuri ga mai niyya

Wanda ya yi sha'awar irin wannan tafiya, ga abin da zan ba shi shawara. Lokacinta daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan ƙasa ta bushe kafin zafin bazara. A tashi da asuba, a sauka kafin rana ta take, a sake hawa bayan la'asar, kada a bari magariba ta riski mutum a daji. Wanda bai saba ba, mil ashirin a yini ya ishe shi. Kada a lissafa hanya da mil kaɗai. A burji mai kyau a kan yi mil takwas a sa'a, a rairayi kuwa ko biyu da ƙyar. A tambayi 'yan gari, musamman masu kai kaya kasuwa a kan keke, su suka san gefen da ke da ƙarfi.

Ba sai an sayi keke mai tsada ba, amma a tabbata birki yana ci, sarƙa tana da mai, taya ba ta suɗe ba. A riƙe famfo da faci da sholisho da tif guda sabo da sifana. In an shiga rairayi a rage iskar taya kaɗan, ta fi shimfiɗuwa ta hau bisansa. In an komo kan tsakuwa a ƙara, kada dutse ya tsunkule tif. A guji gefen hanya mai ciyawa, nan tsidau da ƙayar aduwa suke kwanto. A ɗauki ruwa fiye da yadda ake zato za a sha, don iskar hunturu tana busar da mutum bai sani ba. Dabino da ƙuli-ƙuli kuwa ba su da nauyi. A tafi mutum biyu ko uku, a kuma gaya wa na gida hanyar da za a bi.

Abin da ya fi waɗannan duka shi ne ladabi. In an zo gari a sauka daga keke, a yi sallama, a nemi mai unguwa ko dagaci a gabatar da kai. In an haɗu da garke a burtali a tsaya a raɓe, kada a kaɗa ƙararrawa a firgita shanu. Kada a ratsa lambun mutane, kada kuma a ɗauki hoton kowa da waya sai da izninsa. Baƙon da ya zo a kan keke, ƙura ta buɗe shi, mutanen ƙauye ba su jin nauyin yi masa magana. Wanda ya zo cikin mota da gilashi a rufe, sai a gaya masa abin da ake zato yana son ji.

Ba na cewa a bar hanyoyin nan yadda suke don masu yawon buɗe ido su ji daɗi. Mai juna biyu da ake ɗauka a amalanke zuwa asibiti tana bukatar hanya mai kyau, manomi ma haka, yaran makaranta ma haka. Amma wanda zai tsara inda za a zuba burji, ko inda za a sa kwalbati, ko inda za a tura malami, ya kamata ya zamana ya taɓa tura keke a wurin. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ran 3 ga watan Yuni ta zama ranar keke tun 2018. Mu kuwa ba sai mun jira ta ba. Ina roƙon kowane shugaban makaranta da kowane ma'aikacin ƙaramar hukuma, a hutun hunturun bana ya ware kwana biyu, ya ari keke in ba shi da shi, ya bi ƙauyukan da sunayensu ke wucewa ta teburinsa kullum, ya komo ya rubuta abin da ya gani. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa mu riƙe amanar da aka ba mu. Amin.